Kududdufin Bature Ba Shi Da Baki

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa daga ka, har sunan wasu jikokina sai na yi lalube kafin in kamo, amma akwai rana guda da ba zan taɓa mantawa da ita ba ko da na so: ranar da na shiga kududdufin Bature da babbar rigata a gaban manyan ƙasar Karaye. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Rabin haushin nawa ne ni da kaina, wannan na yarda. Ɗaya rabin kuwa na wasu ne, kuma ban huce ba.

A ƙarshe-ƙarshen zamanin Turawa ne, ana ta maganar mulkin kai, aka turo ni koyarwa wata makarantar kwana ta En'e a can. Ina saurayi, sabon fitowa daga horon malanta, kaina cike da littafin kiwon lafiya, bakina kuma ba linzami. Darasin tsafta aka ba ni. Ni ne mai duba farce da haƙora da safe, ni ne mai yi wa yara faɗa a kan ƙuda da sauro, kuma ina jin kaina ƙwarai da gaske.

Ni mutumin Ruwan Bago ne, ta wajen Rogo. Ranar da na iso, da hedimasta Malam Garba ya ji sunan garinmu sai ya tafa hannu ya ce, "A'a, ashe kifi aka kawo mana! Ɗan Ruwan Bago ai ba a koya masa iyo." Malamai suka yi dariya, ni ma na yi, har da gyaɗa kai. (Gaskiyar magana, ni ban taɓa wuce gwiwa a cikin ruwa ba. Amma sabon malami ne ni, an yabe ni a gaban jama'a, sai in ce ƙarya ne?) Iyakar ilimina na ruwa shi ne abin da innata take faɗa min in za ni wanke jaki a bayan gari: ruwa a tsakiya yake cin mutum, ka bi baki-baki ka dawo gida lafiya. Kowane yaron ƙauye ya san wannan. Kududdufi rami ne da aka ɗebi ƙasar gini, yana farawa daga idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, sai can tsakiya yake shanye mutum.

Shi wannan da mutanen gari suke kira kududdufin Bature, kwami ne na siminti, dogo mai kusurwa huɗu, a bayan ajujuwa, an kewaye shi da shinge. Wani Baturen makarantu ne ya sa aka gina shi kafin zuwana. Yara suna kiransa Agwagwa saboda son ruwa (da kuma irin tafiyarsa, Allah ya yafe mana). Niyyarsa ba laifi. Ya ga yaranmu suna fitsarin jini, wato tsargiya, saboda wanka a kududdufai, sai ya ce a yi musu wurin iyo mai tsafta. Ya zana abinsa a takarda, ya shiga motarsa ya koma Kano. Injin da zai riƙa juya ruwan bai taɓa zuwa ba. Magudanar da za a buɗe ruwa ya fita aka ce sai injin ya zo, ita ma ba a yi ba. Yara suka yi ta jido da bokiti daga rijiya har ya cika, damina ta zo ta ƙara nata, ruwa ya zauna daram ba shi da hanyar fita. Don a sami inuwa kuma, aka gina shi a gindin wani ƙaton maɗaci da jemagu suke yini a kai. Salgar yara tana tudu, kwami yana gangare. Ba sai na faɗa muku aikin da ruwan sama yake yi ba.

Lokacin da na zo ruwan ya riga ya zama kore shar, ya yi kauri kamar miyar kuka da ta kwana. Gansakuka ta kama bango, kwaɗi sun yi gida, in iska ta juyo har aji muke jin warin. Duk da haka kowane mako sai an kora yara ciki, wai yana cikin tsarin darussa. Daga filin ƙwallo, daga gonar makaranta, daga salga, babu mai wanke ko da ƙafa, sai dai ka ji tsundum. Yaran da aka gina wa shi don gudun tsargiya da tsargiyarsu suke shiga, kuma duk wanda ya san yaro ya san ba ya fita daga ruwa don fitsari. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya fi ƙona min rai, Agwagwa ya aiko da gwangwanayen wani farin gari mai warin asibiti da ake zubawa a ruwa ya kashe cuta. Malam Garba ya jere su a sito ya sa kwaɗo ya kulle. Na same shi a ofis, na gaishe shi, na tsuguna.

"Ranka ya daɗe, idanun yaran nan sun yi jawur, kunnuwa suna ruwa. Kwamin nan ne."

"Malam, ciwon ido ai na shekara ne, kullum ana yi."

"To a zuba garin da aka aiko."

"In muka zuba ya ƙare, Bature ya zo ya tambaya, me za mu nuna masa?"

"A kwashe ruwan a wanke, ranka ya daɗe."

"Wa zai kwashe? Wa zai sake cikawa? Ka san wahalar da aka sha? In Bature ya faɗo ya tarar da shi wayam, kai za ka amsa?"

"To a hana yara shiga."

Sai ya cire tabarau ya dube ni. "Yana cikin tsari. Ba ni na rubuta tsari ba, ba ni zan goge ba. Yaushe ka fara aikin nan, Malam? Bi a sannu."

Na fito ina huci. Na yi rantsuwa ƙafata ba za ta taka cikin shingen nan ba, kuma ban taka ba. In ranar iyo ta zo sai in tsaya can bakin aji in harɗe hannu ina harara daga nesa, don kowa ya san ba da yawuna ake yi ba. Daga nan nake hango ƙananan yara a gefen ƙofa suna tsaye, ruwa iya ƙugu. Can ɗaya gefen, wajen maɗaci, ina ganin kawunan manyan yara jere a baki, sun ɗora hannuwa a kan siminti suna hira. Ni a zatona tsugune suke. Ban tambayi kowa ba, don mai fushi ba ya tambaya.

Ana nan, wata ranar kasuwa wani dattijo manomi ya zo daga Turawa (ƙauyen Turawa nake nufi, na nan ƙasar Karaye, ba masu jajayen kunnuwa ba). Sunansa Malam Isiyaku, ɗansa Ado yana ajina. Ya kawo wa yaron ɗan ƙullin gyaɗa, sannan ya ce a nuna masa malamin tsafta. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida, na tambayi gona da iyali, duk ya amsa da lafiya lau. Sai ya shiga murza bakin rigarsa, ya ce:

"Malam, da kunne biyu na ba ku yaron nan."

Ya ci gaba:

"Mai gari ya ce in bayar, na bayar, ban so ba. Yau na tsaya ta hagunsa na kira shi, na sake kira, bai juyo ba. Na ciro audugar da ke kunnen, ruwa na fita mai wari. Ya ce min wai wanka ake sa su. Uwarsa in ta tambaye ni, me zan ce mata?"

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. In Allah ya yarda ruwan nan sai an kwashe shi. Ka ba ni zuwa ranar da Bature zai zo."

Ya dube ni ya ce, "To Malam. Alkawari dai kaya ne."

Na kai Ado disfensare aka ɗiga masa magani. Ranar iyo na ɓoye shi a aji, Malam Garba ya ƙirga yara ya ga babu ɗaya, ya aiko aka tafi da shi, ni kuma na sha faɗa a gaban sauran malamai. Tun daga ranar na daina barci sosai, ba abin da nake saƙawa sai yadda zan tona asirin ruwan nan.

Ba a daɗe ba labari ya zo cewa Agwagwa zai kawo ziyara, tare da wakilin hakimi da alƙali da wasu manya, za su kalli yara suna iyo. Nan fa makaranta ta rikice. Wanda bai ga shirin zuwan Bature a zamanin nan ba, bai ga aikin banza ba. Duk abin da ba ya motsi sai an shafa masa farar ƙasa: duwatsun bakin hanya, gindin itatuwa, bangon salga, har da turken tuta. Gefen kwami ma aka shafe shi fari fat, har da wasu lambobi da aka rubuta da fenti a bakinsa, waɗanda dama gansakuka ta cinye rabinsu. (Daga baya na ji wai zurfin ruwa suke faɗa.) Aka ɗauko wata doguwar gora mai ƙugiya aka tsame ganye da kashin jemage daga sama. Ana gobe zuwa aka buɗe sito, aka juye farin garin nan a ciki. Ruwa ya yi wani dishi-dishi kamar kunun kanwa, yana ƙamshin asibiti. Daga sama sai ka rantse abin arziki ne, amma ko hannunka ka tsoma ba za ka ga yatsunka ba.

Ni kuwa na san datti ƙasa yake kwanciya. Sai na yanke shawara: a gaban kowa zan shiga da ƙwarya, baki-baki, iya gwiwa, in sunkuya in kwaso abin da ke ƙasa, in kai wa Bature har gaban hancinsa. Ban gaya wa kowa ba, don kada maganar ta kai ofis. Na aika wa Malam Isiyaku ya zo ya ga cika alkawari da idonsa. Na fito da farar babbar rigata, wadda mahaifina ya ɗinka min da na gama horo, na sa aka buga ta. Jawabin da zan yi kuwa har a bayan ɗaki nake maimaita shi.

Ranar ta zo. Aka jera wa manyan baƙi kujeru a inuwar maɗaci, dab da bakin ruwa. Mutanen gari suka cika bayan shinge. Yara suka yi waƙa, Agwagwa yana ta murmushi yana kaɗa ƙafa. Malam Garba ya miƙe ya yi godiya, ya ce albarkacin wannan kwami yara sun rabu da cuta, ya ce, "Ga ruwa nan garau, ranka ya daɗe, kullum cikin kulawa yake."

Kalmar nan ta garau ita ta tsinka min zare. Na miƙe da ƙwaryata.

"Ranka ya daɗe, ina da magana."

Malam Garba ya watso min wani kallo, na yi kamar ban gani ba. Na taka har gaban kujeru, na juya wa ruwa baya, na fara. Na ce wannan ruwa kwalliya aka yi masa jiya. Na ce tun da aka cika shi ba a taɓa sauya shi ba. Na ce a duba idanun yara, a duba kunnuwansu. Ina jin daɗin yadda wuri ya yi tsit. Na ce, "Ba sai na cika ku da surutu ba, yanzu zan nuna muku abin da ke ƙasa." Na tuɓe takalmi na ajiye su a jere. Na naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa, a tsanake, don kada ya jiƙe. (Wannan naɗin wandon shi ya fi komai ci min rai in na tuna.) Na ɗage hannun riga na ɗora a kafaɗa.

Wani malami ya yunƙuro yana cewa, "Malam, ai nan wajen..."

Malam Garba ya tare shi. "Ƙyale shi. Ɗan Ruwan Bago ne."

Na waiwaya na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Kada ku damu, baki-baki zan bi." Na yi bisimilla na zura ƙafa.

Ƙafata ta tafi neman ƙasa, ba ta samu ba, sauran jikina ya bi ta.

Ashe kududdufin Bature ba shi da baki. Ba daga gefe yake gangarawa zuwa tsakiya ba, daga wannan kai yake gangarawa zuwa wancan. Wajen ƙofa iya ƙugun yaro, wajen maɗaci kuwa ya shanye dogon mutum har da miƙon hannu, kuma tun daga jikin bango. Yaran da nake gani jere a wurin ba tsugune suke ba, lilo suke yi da hannuwansu. Duk makarantar nan, daga hedimasta har mai dafa abinci, kowa ya san haka sai malamin tsafta. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na tafi ƙasa kamar an jefa turmi. Babbar riga ta buɗe ta tashi sama ta rufe min kai. Na buɗe baki zan yi salati, ruwa ya shige. Ba zan kwatanta muku ɗanɗanonsa ba, wataƙila wani yana cin abinci. Ƙasan da nake nema dai na same shi, ƙafafuna suka nutse cikin wani abu mai laushi mai santsi har ƙauri. Na yi ta harbe-harbe, Allah ya sa na taso, na sami iska kaɗan, kuma abin da kunnena ya jiyo shi ne tafi. Tafi ake yi! Agwagwa yana cewa, "Madalla! Madalla!" Na ji wakilin hakimi yana cewa, "Kai, mutanen Ruwan Bago sun iya nutso." Na sake komawa.

Da na taso karo na biyu ban tsaya neman mutunci ba. Na ƙwala ihu da duk ƙarfina, "Wayyo Inna! Inna!" Ni, malamin gwamnati, wanda gemunsa ya fara tsiro, a gaban yaran da nake duka a kan farce.

Sai a nan aka gane. Agwagwa ya zabura ya fizgo gorar nan mai ƙugiya ta tsamar ganye, ya zura cikin ruwa yana lalube, tun da ba a ganin komai. Na ji ƙugiya ta kama ni a ƙugu, na ji an ja, na ji tazuge ya tsinke. Ya ɗaga gora sama da ƙarfinsa, ga wandona yana reto a kanta shi kaɗai, yana ɗigar da koren ruwa, ƙafafunsa a naɗe tsaf zuwa gwiwa. An ce alƙali sai da ya sa hannun riga ya toshe baki. A zurawa ta biyu ƙugiya ta kama wuyan riga, aka jawo ni bakin siminti, malamai suka kama hannuwana suka tsamo ni. Na kwanta rub da ciki na amayar da abin da na sha a kusa da takalmin wakilin hakimi. Hulata tana can tana yawo a kan ruwa ita da ƙwarya.

Dariya ta ɓarke daga bayan shinge har cikin yara. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ko a wannan hali ban manta da abin da ya kai ni ba. Farar rigata ta koma baƙa ƙirin daga ƙirji zuwa ƙasa, ga ruɓaɓɓen ganye, ga yauƙi, ga wari ya cika inuwar. Na ɗaga gefenta da hannu ɗaya (ɗaya hannun yana aikin rufa min asiri) ina tari ina cewa, "Ga shi... ku duba... ga abin da yara..." Babu wanda ya duba. Hujjar da na kusa mutuwa wajen ɗaukowa tana jikina, mutane kuwa gora suke kallo.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Malam Isiyaku ya tsallako shinge, ya cire mayafin da ke kafaɗarsa ya lulluɓa min. Ya ce, "Sannu Malam. Allah ya kiyaye gaba." Wallahi da ya yi dariyar da ya fi min sauƙi.

Agwagwa ya ajiye gora ya tsaya a kaina, fuskarsa ta yi ja. Hausarsa irin ta littafi ce, kalma ɗaya-ɗaya.

"Malam, ba ka iya iyo ba?"

"Ban iya ba, ranka ya daɗe. Amma ruwan..."

Bai saurari sauran ba. Ya juya wajen malamai. "Wane ne a cikinku ya iya iyo?" Kowa ya sunkuyar da kai. Ya dubi Malam Garba. "Kai fa, hedimasta?"

"Ranka ya daɗe... an kwana biyu."

"Wannan abin kunya ne! Yara suna cikin ruwa, malamai suna tsaye kamar itace. Idan yaro ya nutse, wane ne zai fitar da shi?" Ya ɗaga yatsa. "Daga mako mai zuwa dukan malamai za su shiga ruwa su koyi iyo. Hedimasta shi ne na farko. Zan komo in gwada ku ɗaya-ɗaya da kaina."

Maganar ta kuɓuce wa Malam Garba kafin ya kama ta. "A cikin wannan ruwan, ranka ya daɗe?"

"Kai ka ce garau ne."

Ina kwance cikin mayafin mutane, ina rawar ɗari, amma sai da na ji wani ɗan sanyi a raina.

Na yi kwanaki a ɗaki, ciki ya ɓare, zazzaɓi ya rufe ni. Ina kwance na fara jin ƙarar bokitai da hayaniya a bayan ajujuwa. Da na iya miƙewa na dafa bango na leƙa, sai ga Malam Garba tsaye a bakin kwami ya naɗe hannun riga yana ba da umarni kamar sarkin yaƙi. An kwashe ruwan tas. (Abin da aka tarar a ƙasa ba na faɗa ba ne. Akwai dai abin da a da kaza ne.) Aka kankare bango da tsintsiyar kwakwa da toka. Aka kira magina suka fasa gefe suka yi magudana, ashe ba ta bukatar inji, gangare kawai take so. Aka sare rassan maɗacin da ke kan ruwa. Aka toshe salga aka haƙa wata can nesa. Aka gina ɗan ƙaramin kwami a bakin ƙofa na wanke ƙafa. Aka kafa doka: ba mai shiga sai ya zaga bayan gida, ya yi wanka da sabulu, kuma mai ciwon ido ko kunne ko tsargiya ba ya shiga sai ya warke. Aka sake rubuta lambobin zurfi da jan fenti, manya-manya, har da wani layi a inda ƙasa take fara zamewa. Hedimasta da kansa ya rubuta Kano a ƙaro farin gari, kuma da ya zo shi yake aunawa ya zuba.

Duk abin da na yi wata da watanni ina tsugunno a ofis ina roƙo, aka ce ba zai yiwu ba, an gama shi kafin in gama shan magani. Kuma ba don idanun yara ba, ba don kunnen ɗan manomi ba, ba don jawabina ba. Don fatar cikin Malam Garba za ta taɓa ruwan ne. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna yake ba ni haushi.

Ni kuwa na sami sabon suna, Malam Baki-baki, kuma ya bi ni duk makarantar da aka mai da ni har na yi ritaya. Iyo kuma manyan yaran ajina ne suka koya min, suna riƙe da haɓata suna cewa, "Harba ƙafa, Malam, kada ka ji tsoro," suna cije leɓe. Da safe in duba musu farce, da yamma su hana ni nutsewa.

Idanun yara suka washe, kunnuwa suka bushe. Na Ado na dama ya warke. Na hagun bai dawo ba.

Wata ranar kasuwa Malam Isiyaku ya sake zuwa, ya tarar da mu malamai a cikin kwami muna koyon iyo. Ya tsaya a bakin shinge yana kallo. Ruwa garau na gaskiya, ana hango ƙasansa har wajen maɗaci. Ga hedimasta can a wajen ƙananan yara, cikin gajeren wando, ya ƙanƙame bakin siminti yana harba ƙafa yana haki. Na fito na ɗaura zane na je muka gaisa. Ina jira ya yaba min, ba zan ɓoye ba.

Ya ce, "Malam, ka sauke kayanka, Allah ya saka da alheri." Ya sake duban ruwan, ya daɗe. Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Ashe dama ana iya wankewa."

Ya zaga ta damar ɗansa, ya yi masa magana a kunnen da ke ji, suka tafi cin gyaɗarsu.

Abin da na koya guda biyu ne, kuma da tsada na saye su. Kada ka zura ƙafa a ruwan da ba ka ga ƙasansa ba, ko da ka fi kowa gaskiya a wurin. Sannan in kana so a sauya ruwan da ya ruɓe, kada ka ɓata bakinka da jawabi, kada ka jero yara marasa lafiya, kada ka shiga da kanka. Ka nemi dabarar da za ta sa babban wurin ya tuɓe riga.